Wandon Kwandastan Chicago

Jikokina da abokansu sukan zo gidana a Deptford ranar Lahadi sanye da wanduna yagaggu a gwiwa, kuma a haka suka saye su da tsada. In na ce musu yagar nan ta ƙarya ce, babu gwiwar mutum da ta yi ta, sai su fashe da dariya. Babbar cikinsu ta taɓa ce mini da Turanci, don Hausarta ta ji ce kawai, wai aikin da na ƙare rayuwata a kai ko akuya za ta iya, a miƙa mata riga ta tauna. To, tun da abin ya kai ga akuya, bari in rubuta muku yadda aikin yake, in kuma ba ku labarin wando guda da ya kusa raba wani bawan Allah da abincinsa saboda ni.

Sana'ata ita ce tsufar da tufafi. Gidajen wasan kwaikwayo na Landan ba sa sa wa ɗan wasa sabuwar riga su ce wa 'yan kallo wannan lebura ne da ya shekara goma yana dakon kwal. Tela zai ɗinka rigar sabuwa fil, sannan a kawo mana, mu kuma mu sa mata shekarun. Ni da na tashi a Zariya a gidan masu ɗinkin hannu, inda ake kai riga wurin masu bugu don ta yi sheƙi, sai ga ni a ƙarƙashin wani bene a bayan Aldwych ina kashe wa yadi sheƙinsa. Na daɗe ban gaya wa mutanen gida abin da nake yi ba. In sun tambaya sai in ce tela ne ni, kuma ban yi ƙarya ba.

Aikin farko da mai shagon, Mista Pike, ya ba ni wata farar taguwa ce. Dogon Bature ne mai ƙaramin ido, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ya duba ko akwai wani abu a ƙarƙashinta. Ya ce in mayar da taguwar ta shekara biyar. Na ce a raina wannan ai wasan yara ne. Na samo ƙasa daga tukunyar fure na turmusa ta a ciki, na yage hannu ɗaya, na kai masa ina jiran yabo. Ya ɗaga ta da yatsu biyu ya ce, "Sam, rigar wa ce wannan?" Sunana Sama'ila, amma tun ranar farko ya yanke shi ya bar Sam. Na ce ban sani ba. Ya ce, "Wane aiki yake yi? Yana da mata? Wa ke masa wanki, sau nawa a wata? Da wane hannu yake cin abinci?" Ya jefo mini ita ya ce babu mutumin da ke datti ko'ina daidai wa daida, sai gawa. Na shekara biyu a hannunsa kafin ya bar ni in taɓa kayan babban ɗan wasa.

Kayan aikinmu ba su da kwarjini, shi ya sa kuke raina su. Akwai samfefa iri uku, da buroshin waya, da magogi irin na kicin, da dutsen goge kaushi. Ruwan shayi shi ke ba farin yadi launin daɗewa, amma in ya yi ƙarfi sai rigar ta zama kamar an tsamo ta daga kwata. Kyandir da sabulu su ke yin maiƙon wuya da na bakin aljihu. Kwat kuwa sai mu jiƙa ta, mu cika aljihunta da duwatsu, mu rataye ta kwana uku har kafaɗa ta sauka. Duk wannan a mako guda za ka koya. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin inda za ka taɓa da inda za ka ƙyale. Magatakarda gwiwar hannunsa ke cinyewa, ɗan dako kafaɗarsa, mai shago cikinsa inda yake jingina da kanta. Har yau in na shiga jirgin ƙasa ba fuskar mutum nake fara kallo ba. Ina duban takalminsa da bakin hannun rigarsa, in ya buɗe baki ya faɗi sana'arsa sai in gwada da abin da na gani, kuma sau da yawa ba sa dacewa.

Mu biyu ne baƙar fata a shagon, ni da mai guga, Baba Salifu. Bahaushen zangon Kumasi ne, ya girme ni da kusan shekara ashirin, ya kuma riga ni zuwa wurin. Tsayinmu ɗaya, jikinmu ɗaya, har ana haɗa rigunan aikinmu a wanki. Shi ba ya ɓoye addininsa. Lokaci na yi zai ajiye dutsen guga, ya ɗauki butarsa, ya zagaya bayan tukunyar ruwan zafi. Kowa ya san Salifu ya tafi salla, ba mai leƙa shi. Ni kuwa ban taɓa bin sa ba. A masana'antar ɗinkin da na fara aiki an kore ni saboda wani ya kai ƙara cewa ina wanke ƙafa a inda ake wanke hannu. Tun daga nan na ƙudura cewa Bature ba zai sake sanin cikina ba. Mista Pike ya ɗauka Kirista ne ni, kamar sauran 'yan Nijeriya da ya sani, ni kuma ban gyara masa ba. Makullin ɗakin ajiyar kaya yana hannuna, sai in shiga in kulle, in yi sallata tsakanin rigunan sarakunan wasa. Ranar Juma'a in ce zan je sayen rini.

Ban yarda da Baba Salifu ba, gara in faɗa. Yana yawan kallona yana murmushi ba tare da dalili ba, ni kuwa murmushin da ba dalili ya fi tsawa tayar mini da hankali. Akwai shekarar da wasu malafuna suka ɓace daga shagon aka gan su a kasuwar gwanjo, aka kori wata mata mai ɗinkin maɓalli. Na sa a raina shi ya kai rahoto, don na gan shi da Mista Pike suna magana ƙasa-ƙasa kwana biyu kafin nan. Ba ni da wata shaida bayan wannan. Daga lokacin Mista Pike ya kafa doka: ko zare ba ya fita daga shagon, wanda ya fitar ya kori kansa. Kullum in an tashi yana tsaye a bakin ƙofa yana duba jakunkuna.

Aikin Chicago ya zo mana a mummunar shekara. Lokacin ne mai ya yi tsada a duniya. A gida kuɗi ya fara ambaliya, alhazai na sauka Landan suna sayen kwat shida-shida, ƙanin matata Hajara yana aiko mini wasiƙa in dawo in buɗe shago. A nan kuwa masu haƙar kwal sun ja daga da gwamnati, ana ɗauke wuta, an rage wa wuraren aiki kwanakin da za su kunna inji. Gidajen wasa suka riƙa soke ayyuka, Mista Pike ya sallami mutum biyu. Wannan wasan shi kaɗai ya rage a hannunmu, kuma kowa ya san in ya kuɓuce shagon ya rufe.

Wasan a kan birnin Chicago ne a ƙarshen ƙarni na sha tara. Daraktan ya turo mana akwati biyu na tsofaffin hotuna, na yi kwanaki ina bin su da gilashin ƙara girma. Ni da nake zaton Amurka tun asali ƙal-ƙal take, sai na ga gari mai hayaƙin kwal wanda farar riga ba ta kai azahar. Shi ya sa mazansu suke da kwala ta cirewa: ma'aikacin ofis zai yi mako da taguwa ɗaya, kwalar kawai yake canjawa, don a ce masa mai tsafta. Mata kuwa siket ɗinsu na jan ƙasa, titi cike da kashin dawaki, saboda haka bakin siket ɗin talaka yana da baƙin da'ira mai faɗin tafin hannu, na matar attajiri ba shi da ita don daga ƙofa sai keken doki. Akwai 'yan matan manyan kantuna da ke tsaye yini guda cikin baƙaƙen kaya, tsaf daga gaba, faci a hammata. Akwai mahautan manyan mayanka, da baƙin da suka sauko daga jirgin ruwa da kwat ɗin ƙauyensu na Turai, iyali guda a ɗaki guda har da ɗan haya. Mutum arba'in muka tufatar, kowa da irin dattinsa.

Babban ɗan wasan shi ne kwandastan taragon titi, irin taragon da ke bin dogo a tsakiyar gari yana ɗaukar ma'aikata. An ɗinka masa shuɗiyar kwat da wando na ulu mai kauri kamar bargo. Irin wannan yadin ba ya jin samfefa. Muna da wani inji mai juya kaya da duwatsu har su yi laushi, amma babu wutar kunna shi, ga jiƙaƙƙen ulu ba ya bushewa a ɗakin da babu ɗumi. Mako uku ya rage a gwada kaya, wandon nan yana tsaye da kansa kamar an sa masa sitati.

Na san hanya ɗaya da ba ta buƙatar wuta. Babu abin da ke tsufar da tufa kamar jikin mutum, kuma ɗan wasan tsayina ne. Mista Pike jaka yake dubawa, ba ya duba ƙafa. Sai na shiga ɗakin ajiya na sa wandon da kwat ɗin, na ɗora doguwar rigar sanyina a kai, na miƙa masa jakata ya duba, na wuce. Da safe in dawo da su a jikina, in cire in rataye kafin kowa ya iso. Hajara ta ce, "Malam, wannan wane irin wando ne kamar na ɗan doka?" Na ce mata aiki ne. Ta ce, "Aikin da ake shigowa da shi a ɓoye dai ba na son sa." Ban saurare ta ba. Mako uku ina hawa bas da shi, ina cefane da shi, ina zama da shi a gida don sanyi. Har Juma'a biyu na je salla da shi Regent's Park a ƙarƙashin babbar riga, lokacin ba a gina babban masallacin ba. Ya yi laushi, ya faɗa, ya ɗauki siffar mutum. Ban taɓa jin daɗin aikina kamar wannan karon ba.

Ranar gwajin kaya daraktan ya zo da wata tsohuwa mai sanda, Misis Dolan. Gwaggonsa ce, ta haura tamanin, a Chicago aka haife ta, kuma mahaifinta kwandastan tarago ne. Daga labaran da take ba shi aka gina wasan. Tun da ta shigo na ji ban natsu ba, don ba ta kallon kaya daga nesa kamar darakta. Shafawa take yi, har da sunsunawa. Ta yaba siket ɗin matan, ta ce kwalar magatakarda ta yi fari da yawa. Da aka zo kan wandon sai ta shimfiɗa shi a kan tebur.

Ta ce, "Wa ya sa wannan?"

Mista Pike ya ce ba wanda ya sa, aikin hannu ne, Sam ya yi shi.

Ta ce, "A'a. Hannu ya taɓa shi, amma mutum ya zauna a cikinsa. Kuma ba kwandasta ba ne. Mahaifina a tsaye yake yini, gwiwar wandonsa ita ce ƙarshen abin da ke lalacewa. Sau ɗaya a mako yake durƙusawa a coci, shi ma sai uwata ta tsare shi da ido." Ta ɗora yatsa a gwiwar. "Wannan mutumin yana durƙusawa sau da yawa kowace rana, a kan wani abu mai koren gashi, ga shi nan ya maƙale a yadin. In ya durƙusa yana zama a kan ƙafarsa ta hagu, dubi yadda nan ya kwanta. Yana naɗe ƙafar wandon ya jiƙa ta." Ta jawo kwat ɗin. "Hannun ma yana tura shi har gwiwar hannu da ruwa a jikinsa. Wanki yake yi ko me?"

Ni da na shekara bakwai ina karanta tufafin mutane, ban ga wannan ba. Na duba wandon nan sau ɗari. Gwiwar da ta sha sujada ita ce gwiwar kowane wando da na sani tun ina yaro, na mahaifina, na kawunnaina, nawa. A idona haka tsohon wando yake.

Mista Pike bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Ya juya a hankali ya dubi bayan tukunyar ruwan zafi, inda butar Baba Salifu take ajiye. Bayan baƙin sun tafi ya kira shi a gaban kowa. Ya ce mutum ɗaya ne a shagon nan mai wanke hannu da ƙafa yana durƙuso, kuma kayan suna bi ta teburin guga. Ya ce ya ɓata aikin mako uku na Sam, ya kuma karya doka. Ya ce ya ƙarasa mako, ranar Juma'a ya tattara nasa ya nasa.

Baba Salifu ya ce, "To, Mista Pike." Ya koma ya ɗauki dutsen gugarsa.

Ran nan Laraba ce. Ban ce komai ba, kuma ba zan yi muku ado ba, tsoro ne ya rufe mini baki. Takardar zamana a ƙasar tana rataye da aikin, ga yara uku, ga shekarar da babu mai ɗaukar ma'aikaci. Amma abin da ya fi cin raina shi ne shirun Baba Salifu. Na tabbata dabara ce. Na ce jira yake sai Juma'a, ya tona ni a gaban kowa, ko ya zo ya nemi wani abu a hannuna. Duk sanda ya nufi ofishin Mista Pike da kayan guga sai in bi shi da ido. Yinin Alhamis na goge hannun riga ɗaya har ya huje ban sani ba.

Da la'asar na kasa daurewa. Na bi shi bayan tukunyar, karo na farko a shekara bakwai, da niyyar in ce ya faɗi abin da yake so a gama. Na same shi yana salla a zaune kan wani akwatin katako, ƙafarsa ta hagu a miƙe sanƙam a gabansa. In zai yi sujada sai ya sunkuyar da kai kawai. Na tsaya har ya sallame.

Na ce, "Baba Salifu, me ya sami ƙafar?"

Ya ce, "Mota ya buge ni a Kumasi, tun kafin na zo. Gwiwa nan ba ya lanƙwasa. Shekara ashirin goshi na bai taɓa ƙasa ba."

Na ce, "To ai da ka nuna wa Mista Pike, magana ta ƙare."

Ya ce, "In na nuna shi, zai tambaya to wane ne. Mu nawa ne a nan, Malam Sama'ila?"

Bai taɓa kirana da cikakken sunana ba sai ran nan. Na ce yaushe ya sani. Ya yi irin murmushin nan da na tsana. Ya ce, "Tun sati na farko da ka zo. Mutum ya shiga store ya kulle, ya fito da gira a jiƙe? Wando kuma na gan shi Juma'a, kana sahu na gaba na. Na ce yaro nan zai sa kansa a trouble. Kai kana da yara ƙanana. Ni nawa sun girma, ɗaya yana aikin gwamnati a council, ba zan kwana da yunwa ba."

Na tambaye shi zancen matar da aka kora kan malafuna, don abin ya daɗe a raina. Ya ce roƙo ya je yi mata wurin Mista Pike, bai samu ba.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ban sake jin irinta ba. Na fita daga nan kai tsaye zuwa ofis. Na ce wa Mista Pike ni na fitar da kayan, ni na sa su. Ya ɗago ya dube ni da ƙaramin idon nan ya ce ya san halinmu, ɗan'uwa yana rufa wa ɗan'uwa, in koma bakin aikina. Na ce Salifu ba ya iya durƙusawa, ya je ya gani. Ya ce ko da haka ne, ni ai ba mai salla ba ne, shekara bakwai yana tare da ni.

Na ɗauko wandon na sa a gabansa. Ma'aikata suka bar abin da suke yi. Na cire takalmi, na durƙusa a kan simintin shagon, na kai goshina ƙasa, na ɗago na zauna a kan ƙafar hagu na kafe ta dama. Kowace gwiwa ta faɗa cikin ramin da ta yi wa kanta, ƙoƙewar yadin ta zauna daidai kan ƙashi. Mista Pike ya zagaya ni sau biyu yana dubawa, har ya tsuguna ya shafa.

Da ya miƙe ya ce, "Sallarka ba ta dame ni ba, da ka tambaya da na ba ka wuri. Shekara bakwai ina koya maka ka tambayi rigar wa ce, ka tashi ka ba ni kwandasta mai wandonka. Kuma ka bar dattijon nan da laifinka kwana biyu." Ya karɓe makullin ɗakin ajiya. Ya ce Salifu yana nan a bakin aikinsa. Ni kuma in gama sabon wando, don babu wani mai yi, in an buɗe wasa in tafi. Doka doka ce, ya kori mace a kan malafa, ba zai bar ni a kan wando ba.

Wando na biyu kwana tara na yi shi. Misis Dolan ta riƙa zuwa kowace safiya tana zama kusa da teburina da sandarta. Ta gaya mini cinyar dama ce ke ƙoƙewa, inda mahaifinta yake tokare ƙarfen tarago in an sha kwana. Aljihun kwat na dama ya zazzago saboda nauyin tsabar kuɗin fasinja, uwarta ta yi masa baki da fata. Kafaɗar dama ta buɗe a ɗinki don yawan miƙa hannu ya ja igiyar ƙararrawa. Ƙafar wandon kuma fari-fari da busasshen taɓon hunturu. Sai ta ce in cinye wuyan kwat ɗin ta gefe biyu. Na ce me ya sa. Ta ce kamfanin yana sa 'yan leƙen asiri cikin fasinjoji don su kama kwandastan da ke soke kuɗi, ba wanda ya san su, saboda haka mahaifinta kullum yana waige. Ko a gida yana cin abinci yana waige. Ta ce har ya mutu bai yi aboki a wurin aiki ba. Na sunkuyar da kai na ci gaba da guga samfefa.

Da na gama na rataye mata kayan. Ta daɗe a tsaye, sannan ta zura hannu a aljihun hagu na kwat ɗin tana lalube. Ta ankara ta cire hannun da sauri. Ta ce a nan yake ajiye mata alewa.

An buɗe wasan, ya yi kasuwa, shagon bai rufe ba. Ni kuma na yi wata takwas ina rage wa alhazai tsawon hannun kwat a bayan shagon wani mai sayar da yadi a nan Deptford, ina fama da ofishin takardu, kafin wani gidan wasa ya ɗauke ni. Daga baya na ji Baba Salifu ne ya je da kansa ya yi musu magana. A can tun ranar farko na faɗi cikakken sunana, na kuma tambayi inda zan ajiye buta.

Amma ranar da na bar shagon Mista Pike nake so ku riƙe. Na tattara buroshina da magogina a jaka, azahar ta yi, ga shi ba ni da makullin ɗakin ajiya. Ina tsaye ina tunanin ko in bari sai na isa gida, sai Baba Salifu ya ajiye dutsen guga ya miƙo mini butarsa. Na bi shi bayan tukunyar. Ya tura akwatinsa gefe da ƙafarsa mai lafiya, ya jawo wata darduma naɗaɗɗiya daga saman bututu ya kaɗe ta. Ƙura ta tashi, amma da ya shimfiɗa sai na ga sabuwa ce, gashinta a tsaye, babu gurbin gwiwa ko na goshi. Wannan kam ko ku za ku iya karantawa.

Ya ce, "Na saya shi sati da ka zo. Shiga gaba, kai ne mai gwiwa."